Injin gilo ya ƙi tashi: a gyara ko a koma lantarki? Tambayoyi da amsoshi ga masu tuƙa ƙananan jirage

Duk wanda ya taɓa durƙusawa a fili gaban ƙaramin jirgi mai rimot, rana na dukan ƙeyarsa, yana kaɗa farfela injin na tari yana mutuwa, ya san lokacin da zuciya ke cewa a tattara tarkacen nan a sayi batir a huta. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi a irin wannan lokaci. Tun da wuri ga inda na tsaya: mafi yawan abin da ake ɗora wa injin gilo ba laifinsa ba ne, na mai ne ko tiyo ko fulogi, kuma lantarki ma da nasa ciwon kan. Kada haushi ya yanke maka hukunci.

Wai mene ne injin gilo, kuma me ya raba shi da injin fetur?

Injin fetur yana buƙatar tartsatsin wuta a kowane bugu. Shi gilo babu ruwansa da tartsatsi. A kansa akwai ɗan fulogi mai siririyar waya a naɗe, wadda aka yi da garwayen filatinum. Za ka ɗana mata batir mai bolt 1.2 zuwa 1.5 ta yi jawur, ka kaɗa farfela, inji ya kama, ka zare batirin. Daga nan zafin ƙonewar mai, da yadda filatinum ke ƙara zafi in tururin metanol ya taɓa shi, su ne ke riƙe wayar a kunne. Wani Ba'amurke, Ray Arden, shi ya fito da wannan fulogi kasuwa a 1947. Kafin nan ƙananan jirage da koyil da kwandensa da batura suke tashi, ga nauyi ga jidali.

Man da yake sha haɗi ne: metanol shi ne jigo, sai naitiro, sinadarin da ke ƙara wa inji ƙarfi, daga kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari ga mai tuƙin nishaɗi, sai man shafawa kashi 16 zuwa 20, ko na kasto, wato man zurma, ko na masana'anta, ko a gauraya su. Yawancinsu masu bugu biyu ne, man shafawar a cikin man sha yake, irin na tsohuwar Vespa. Ana kiran girmansu da awon cikin silinda a inci kyubik: .40 shi ne sisi (cc) 6.5, .46 sisi 7.5, .61 kuma sisi 10. Manyan sunayen wannan harka na Japan ne: O.S. na birnin Osaka, wanda ya fara tun 1936, da Saito da Enya da YS.

Na kaɗa har hannuna ya gaji, ko tari bai yi ba. Ta ina zan fara?

Fara da fulogi, don shi ya fi sauƙin dubawa. Kwance shi, ɗana masa batir, ka yi masa inuwa da tafin hannu. Wayar ta yi ja mai haske kamar ruwan lemo, daga sama har ƙasa. Idan ja ne mai duhu, batirinka ne ya yi sanyi, kuma wannan ya fi mutuwar fulogi yawa. Idan babu komai, canja fulogi.

In fulogi lafiya, saura abu biyu: ko babu mai a ciki, ko ya yi yawa. Dubi fulogin da ka kwance. A bushe yake ƙayau? To mai bai iso ba. Ba tare da batir a jiki ba, buɗe totur, toshe bakin kafireta da yatsa, juya farfela da hannu har ka ga mai ya biyo tiyo ya shiga, sannan ƙara juyi biyu. In kuwa fulogin ya fito sharkaf, obafulo ya yi. Rufe allurar da ke sarrafa mai a kafireta, kifa jirgin, juya farfela man ya zube ta ramin fulogi, kuma ka kau da fuskarka. Wani lokaci man kan cika kan fistan har farfela ta cije. A nan kada ka kuskura ka danna masa sitata, domin ruwa ba ya matsuwa, sandar fistan ce za ta lanƙwashe.

Kuma a daina kaɗa farfela da yatsa tsirara. A sami sanda mai roba a baki.

Yana tashi, amma da na zare batirin fulogi sai gudunsa ya faɗi ko ya mutu.

Ɗan raguwa kaɗan ba komai ba ne. Faɗuwa sosai na nufin wayar ba ta iya riƙe zafinta da kanta. Ko mai ya yi yawa yana kashe ta, ko fulogin ya tsufa, ko bai dace da man ba, ko ruwa ya shiga man. Fulogi kan tsufa tun bai tsinke ba: ka duba wayar, in ta daina ƙyalli ta yi fari-fari ko ta karkace, ta gama aiki ko da tana yin ja da batir.

Fulogi hawa-hawa ne. Mai ƙarancin naitiro na son fulogi mai zafi, mai yawan naitiro na son mai sanyi. Ga injin .40 ko .46 na yau da kullum, matsakaici irin O.S. lamba 8 ya wadatar. Masu bugu huɗu nasu daban ne, irin wanda O.S. ke kira F, saboda wuta sau ɗaya take kamawa a juyi biyu, dole wayar ta jima da zafi.

Yaya ake saita allurar nan? Kowa da abin da yake gaya mini.

Allura biyu ce a yawancin kafireta. Babbar, wadda ta fito waje, ita ke mulkin mai idan totur na buɗe gaba ɗaya. Ƙaramar tana ɓoye a ɗaya gefen, ita ke kula da silo da tashi daga silo. Babbar ake fara saitawa, kullum.

Rufe ta a hankali, ba da ƙarfi ba, sannan buɗe zagaye biyu ko biyu da rabi, ko abin da takardar injin ta ce. Tayar da shi, bar shi ya ɗumama, wani ya riƙe jirgin, kai kana bayan farfela. Buɗe totur duka. Za ka ji yana gurnani yana fesa mai da hayaƙi. Riƙa rufe allura taɓi ɗaya-ɗaya, kana jira kaɗan bayan kowace. Muryar za ta wanke ta koma kuka ɗaya mai tsini, ta yi ta hawa, har ka kai inda ƙarin rufewa bai ƙara komai ba. Nan ne ƙololuwa, kuma ba nan ake barinsa ba. Koma baya har gudun ya ragu da juyi 200 zuwa 300 a minti. In babu na'urar auna juyi, kunne ma na ji.

Dalilin komawa bayan shi ne a sama farfela na samun sauƙi, inji ya ƙara gudu, ya ƙara neman mai, ga tanki na raguwa. Tunda man shafawa cikin man sha yake, duk lokacin da ka tsuke mai ka tsuke shafawa da sanyaya gaba ɗaya. Wanda ke neman ƙarshen kuka a ƙasa, shi ke sauka da mataccen inji.

Sai ƙaramar. Bar shi a silo rabin minti, sannan tsuke tiyon da ke shiga kafireta da yatsu biyu. Ya mutu nan take? Mai ya yi kaɗan, buɗe. Ya daɗe yana ƙara gudu kafin ya mutu? Ya yi yawa, rufe. Abin da ake so shi ne ya ɗan ɗaga murya na daƙiƙa uku ko huɗu sannan ya mutu. Ita wannan allura kashi ɗaya cikin takwas na zagaye ake taɓa ta, kuma a kashe inji tukuna, don sukudireba da farfela ba sa ga maciji. Tabbacin ƙarshe: daga silo ka buɗe totur da sauri. In ya yi tari da hayaƙi kafin ya ɗauka, mai ya yi yawa. In ya ɗauke ɗif, ya yi kaɗan. Silo mai kyau ga .46 yana wajen juyi 2,500 zuwa 3,000.

A ƙasa lafiya lau. Da ya tashi sama, minti biyu ko uku sai ya mutu. Me ke faruwa?

Wannan ita ce ta fi kora mutane zuwa lantarki, kuma kusan kullum ba cikin injin take ba. Tana tsakanin tanki da kafireta.

Kafin komai yi masa gwajin ɗaga hanci. Totur a buɗe duka, ɗaga jirgin hancinsa ya kalli sama na daƙiƙa goma. In gudun ya tsaya ko ya ɗan ƙaru, madalla. In ya fara sanyi, buɗe allura. In ka buɗe bai daina ba, bar allura ka sa ido a kan tiyo yayin da injin ke gudu. Za ka iya ganin ƙananan kumfa na bin juna a jere suna shiga kafireta. Kowace ɗaya iska ce a madadin mai. Daga ina suke? Ko tiyo ya huje, galibi daidai inda ya hau bakin bututun tagulla, hujin da ba ka gani sai ka ja tiyon ya miƙe. Ko kuma tankin na manne da katako, girgizar inji na kaɗa man yana kumfa. Maganin wannan a naɗe tankin da soso ta kowane gefe, a kuma daidaita nauyin farfela.

A cikin tankin akwai ɗan tiyo mai ƙarfe mai nauyi a baki, wanda ke bin mai duk inda ya gangara. In jirgi ya taɓa dukan ƙasa da hanci, ƙarfen kan wuntsulo gaba ya maƙale. Sai inji ya yi aiki muddin tanki na cike, ya mutu da zarar ya kai rabi ko an ɗaga hanci. Girgiza jirgin ka saurara, ya kamata ka ji shi yana ƙwanƙwasa bayan tanki. Shi ma wannan tiyo na ciki yana tsagewa, kuma ba mai ganinsa sai an zaro murfin.

Sannan tsayin tanki. Tsakiyarsa ta yi daidai da allurar kafireta ko ta ɗan yi ƙasa kaɗan, kuma ya matso kusa da inji. In ya yi ƙasa da yawa, inji na wahalar zuƙa. In ya yi sama, mai na kwarara da kansa ya yi obafulo. Akwai kuma tiyon da ke fitowa daga salansa yana hura tanki. In ya zare, ko ɗan bakin ya toshe da daskararren kasto, matsi ya tafi. Ƙarshe, iska na iya satar hanya ta ƙarƙashin kafireta in zoben robar ya bushe, ko ta murfin baya in notinansa sun saki.

Hanya mafi gajarta ta raba gardama: cire injin, ɗaure shi a kan benci da wani tanki da sabon tiyo. In ya yi gudu lafiya, ka wanke shi daga zargi.

Makon jiya na saita shi daidai, yau ya rikice. Ban taɓa komai ba.

Iska ce ta canja. Iska mai sanyi ta fi nauyi, tana son ƙarin mai. Mai zafi ta fi sauƙi, tana son ragi. Saitin safiyar hunturu ba zai yi wa azahar ɗin bazara ba, kuma wanda ya saita a Kano ya hau Jos, inda tsayin ƙasa ya kai kusan mita 1,200, zai rufe allura kaɗan ya kuma haƙura da raguwar ƙarfi. Ɗan taɓi biyu ko uku ne a babbar allura. In ya wuce rabin zagaye, ba yanayi ba ne, nemi datti ko huji.

Sai kuma man kansa. Metanol na zuƙar danshi daga iska, musamman da damina. Galan da aka bari a buɗe ko a rana yakan lalace ba tare da kamanninsa sun canja ba. Alamarsa silo ya ƙi zama. Ari tanki ɗaya na sabon mai ka gwada kafin ka kwance komai.

Sabon injina yana cijewa in fistan ya kai sama. Na sayi mai matsala ne?

A'a, in irin wanda ake kira ABC ko ABN ne, marar ringi. Da gangan aka tsuke saman silindarsa, sai ya yi zafi yake buɗewa daidai. Irin wannan ba a horar da shi da mai mai yawa yana sanyi, ana barinsa ya kai zafin aiki da ɗan rinjayen mai, gudu gajere-gajere. Mai ringi shi ne ke son mai sosai a tankunan farko. Kada ka yi ta juya sabon ABC a hankali da hannu yana sanyi, cinye tsukin kake yi.

Jirgina ya kafe hanci a yashi. Zan iya tayar da shi in ba abin da ya karye?

Kada ma ka juya farfela, ko sau ɗaya. Yashin da ya shiga bakin kafireta na jiran juyi ɗaya ne ya kankare silinda. Cire injin, kwance kafireta da murfin baya da fulogi, wanke da mai har ya fita tas, sannan ka juya. A filayenmu masu ƙura, musamman da hunturu, ɗan soson tace iska a bakin kafireta ya fi ƙarfin kuɗinsa, ko da zai rage gudu kaɗan. In an gama tashi a toshe kafireta da salansa da tsumma.

Man gilo na wuyar samu. Zan iya zuba fetur, ko in haɗa nawa?

Fetur dai a'a. Fulogin ba zai riƙe wuta da shi yadda yake yi da metanol ba, kafiretar an yi ta ne don metanol wanda ake sha fiye da ninki biyu na fetur a iska ɗaya, kuma tiyon silikon kumbura yake yi a fetur.

Haɗawa kuwa ana yi. Akwai tsohon haɗi da ake gasa da shi a ƙarƙashin hukumar wasannin sama ta duniya, FAI: metanol kashi 80, kasto kashi 20, babu naitiro ko ɗigo. Yawancin injuna za su sha shi da fulogi mai zafi, sai dai ƙarfi ya ɗan ragu, silo ya ƙara tsiwa. Sharaɗin shi ne metanol tsantsa. Sifirit ɗin da ake sayarwa a kemis mafi yawansa etanol ne, ba zai yi ba. Baƙin man mota kuma ba ya narkewa cikin metanol. Sannan a sani metanol guba ne, shansa na makantarwa har ya kashe, yana ratsa fata, kuma harshen wutarsa da rana kusan ba a gani. Ba a zuba shi a robar ruwa ko ta lemo a gidan da akwai yara.

Gaskiya ita ce wannan tambaya ta fi duk sauran nauyi wajen yanke shawara. Injin da ba ka da tabbacin mansa ado ne.

Yaushe zan yarda injin ne da kansa ya gama?

In ka juya farfela ba ka ji turjiya ba, bayan ka tabbatar fulogi da notinan kai a ɗaure suke. In yana tashi da sanyi amma ya ƙi tashi da zafi. In kana jin ƙaras-ƙaras a boris, ko sandar farfela na wasa gefe da gefe. In man da ke fita ta salansa ya koma baƙi ko toka-toka mai ƙyallin ƙarfe, maimakon ruwan zuma. Boris abu ne mai araha, kuma lambarsa irin ta kasuwa ce, ana canjawa. Fistan da silinda kuwa sau da yawa kuɗinsu da na kawowa ya kusa na injin lantarki. A nan ne lissafin komawa ke fara ma'ana. Mai bugu huɗu, kafin ka yanke masa hukunci, auna tazarar bawul yana sanyi, don ita kaɗai kan kwashe masa ƙarfi.

To in na koma lantarki, shi ke nan na huta?

Ka huta da allura, da fulogi, da goge maiƙo daga fiffike kowace yamma. Ka tura totur ya tashi, ka ja ya tsaya, ka sake turawa a sama ya sake tashi, abin da gilo na yau da kullum ba ya yi. Girgiza ta ragu, jikin jirgi ya daɗe. Ba a banza ba mafi yawan masu gasar F3A, ta juyi a sama, suka koma batir.

Amma a kula kada a gudu daga gara a faɗa gidan zago. Gilo in ba ka kyauta masa ba yakan yi gardama ya mutu. Lantarki ba ya gardama, yi maka biyayya zai yi har ya ƙone. Ɗaura wa gilo farfelar da ta fi ƙarfinsa, gudunsa ne zai ragu ka ji a kunne. Ɗaura wa lantarki, sai ya ƙara zuƙar wuta shiru, har hayaƙi ya fito daga ESC, wato na'urar da ke sarrafa gudunsa. Ƙara girman farfela daga inci 12 zuwa 13 kawai na iya ƙara nauyin aikin da kusan kashi ɗaya cikin uku. Mai gilo da kunne yake aiki, mai lantarki da mita. Wanda ba zai sayi na'urar auna wat ba, bai shirya komawa ba.

Haɗarinsa ma daban ne. Injin gilo da ke kashe a kashe yake. Na lantarki da batir a jiki a kunne yake ko da shiru, gwiwar hannu ta taɓa totur ya wadatar, kuma in farfela ta sami yatsa ba ta tsayawa. Duk saitin da za a yi a kan tebur, a cire farfela tukuna.

Jirgina na koyo ne mai injin .46. Me zan saya a madadinsa?

Kada ka tambayi wane inji ne daidai da .46, auna jirgin. Ƙa'idar da aka saba ita ce wat 75 zuwa 100 ga kowace laba ga jirgin koyo da na nishaɗi, wato wajen wat 200 ga kilo. Mai juyi a sama na son 100 zuwa 150 ga laba. Jirgi irin naka yakan kai kilo biyu da rabi zuwa uku, ke nan wat 500 zuwa 600, in kana son rara 700.

Batirin LiPo kowane ɗaki nasa bolt 3.7 ne, 4.2 in ya cika. Mai ɗaki huɗu, 4S, bolt 14.8 ke nan. Raba wat 600 da wannan, ka sami amfiya 40. Sai ka ɗauki ESC mai 60 don ya sami sararin numfashi. Injin marar buroshi, irin wanda gangar jikinsa ke juyawa, mai Kv 700 zuwa 800. Kv shi ne juyin da yake yi a minti ga kowane bolt in babu farfela. In 6S za ka bi, nemi Kv 400 zuwa 500, wutar da ake ja ta ragu, wayoyi su yi sanyi. Farfela za ta fi ta da girma: inda gilo ke juya 11x6, wato tsawon inci 11 da karkata inci 6, lantarki na iya son 12x8 ko 13x8, don haka duba ko za ta taɓa ƙasa.

Minti nawa? Batir mai mAh 5,000, ba a shan fiye da kashi 80, saura 4,000. In matsakaicin jan wutarka amfiya 30 ne, minti 8 ke nan. Gilo da tankin mililita 300 yakan wuce minti 10, kuma cika tanki minti biyu ne, cajin batir kusan awa guda. Shi ya sa batir ɗaya ba ya isar wuni.

Me zai canja a jikin jirgin?

Nauyin hanci. Injin .46 da salansarsa sun kusa rabin kilo, na lantarki bai fi rabin haka da ɗan kai ba, don haka batirin ne zai cike gurbin, a tura shi gaba inda tanki yake har jirgi ya daidaita a inda ya saba. A ɗaure shi da maɗauri, batirin da ya zame baya a sama ya gama da jirgin. A huda wa iska hanyar shiga ta gaba da ta fita ta baya, ta fitar ta fi girma. A yanka ƙofar da za a riƙa zaro batir ba sai an cire fiffike ba. In waya ta gaza, a ƙara tsawon ukun da ke zuwa inji, ba biyun da ke zuwa batir ba. In ya juya baibai, a musanya biyu daga cikin ukun. Kuma ka tuna jirgin gilo na sauka da sauƙin nauyi bayan ya shanye mansa, na lantarki yadda ya tashi haka zai sauka, sai ka shigo da ɗan gudu.

Tsohon jirgin da katakonsa ya sha mai shekara da shekaru, gam ba ya kama shi. Wani lokacin barinsa a gilo ya fi.

Ga zafi, ga rashin wuta. LiPo zai jure?

Zai jure in ka kula. Zafin da ya haura digiri 60 na lalata shi, kuma motar da aka rufe a rana a watan Afrilu na iya kai shi kusa da nan tun bai yi aikin komai ba. Ajiye shi a inuwa, bar shi ya huce kafin caji. Caji da caja mai daidaita ɗakuna, a kan amfiya 5 ga mai 5,000, a kan siminti nesa da katifa da labule, kuma kana wurin. In zai kwana biyu ba aiki, bar kowane ɗaki a 3.8, ba a cike ba, ba a ƙwaƙule ba. Wanda ya kumbura ko ya lotse a haɗari, an sallame shi.

Batun wuta bai kai yadda ake tsoro ba. Yawancin cajojin nan bolt 12 suke ci. 4S mai 5,000 wat-awa 74 ne kacal, batirin sola na gida zai cika da yawa. Na mota ma zai yi biyu ko uku, fiye da haka kana iya neman masu turi.

Wanne ya fi araha?

Lantarki a farko yake cin kuɗi: inji, ESC, caja, batura biyu ko uku. Gilo a hankali yake ci, galan bayan galan, fulogi bayan fulogi. Batir ma ƙarewa yake, mai ne da ka biya kuɗinsa tun gaba. A ƙananan jirage lantarki ya yi nasara ba gardama. Da girma ya ƙaru, kuɗin batir na tashi da sauri, kuma daga sisi 20 zuwa sama injin fetur irin na DLE ko Zenoah ya fi duka biyun sauƙin ciyarwa, tunda mansa na kowane gidan mai.

Ga mai sayo kaya daga waje: man gilo ba ya shiga kayan fasinja a jirgin sama ko kaɗan. LiPo na shiga a jakar hannu, ba a akwatin ƙasa ba, har zuwa wat-awa 100, daga nan zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgi. 4S ɗin can bai kai 100 ba, zai shiga, 6S mai 5,000 kuwa 111 ne, sai da izini.

Ƙarar fa?

Ni dai kukan mai bugu huɗu yana wucewa ƙasa-ƙasa na daga cikin abin da ke riƙe ni a gilo, da warin kasto. Maƙwabta ba lallai su yarda ba. A Ingila ƙa'idar da kulob-kulob ke bi ita ce desibel 82 a tazarar mita 7, kuma ƙara ta sha raba masu wannan wasa da filayensu. In filinka na kusa da gidaje, makaranta ko masallaci, lantarki ya fi zaman lafiya. Shirun bai ɗauke maka neman izini ba: a Najeriya hukumar NCAA ce ke kula da jiragen da babu matuƙi a ciki, kuma kusa da filin jirgi ko barikin soja ba wurin wasa ba ne da kowane irin inji.

Kai wanne za ka ce in yi?

In yau za ka fara, lantarki. Koyon tuƙi kaɗai ya ishe ka, ba sai ka haɗa da koyon allura ba, balle in babu wani tsohon hannu kusa. In jirginka ƙarami ne, ƙasa da .25, lantarki. In mai ba ya samuwa, lantarki.

In kuwa kana da .40 ko .46 mai matsi, kana da hanyar mai, matsalarka kawai yana mutuwa, ba shi rana ɗaya: sabon fulogi, sabon tiyo daga cikin tanki har kafireta, sabon mai, allura ta koma saitin kamfani, a fara daga benci. Kuɗin wannan bai kai na batir ɗaya ba. In bayan haka ka ga har yanzu goge maiƙo da ɗaukar galan ba sa maka daɗi, koma, dalili ne mai kyau.

Na koma. Injin da na cire fa, ya zan ajiye shi?

Zare tiyon mai yana gudu ka bar shi ya shanye na cikinsa, sannan ka ɗana batir ka kaɗa har ya daina ko tari. Ragowar metanol da naitiro su ke jawo tsatsa a boris. Ɗiga man ajiya ta kafireta da ramin fulogi, man giyar mota mai canja kanta ma na yi, ka juya farfela ya zagaye ciki. In injin YS ne ko wani mai famfo da sassan silikon, kada ka sa masa man da aka samo daga fetur. Toshe kafofin, naɗe shi a tsumma, sa a leda. In bayan shekaru ka tarar kasto ya daskare ya ƙi juyawa, kada ka murɗa da ƙarfi: ɗumama shi da na'urar busar gashi, ko ka jiƙa shi cikin sabon mai ya kwana.